Agogon gado ya tsaya, mai gyara ya ce a sa masa injin batir: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai agogon marigayi Babanmu, West End ne, irin wanda ake ba wani da hannu, wato a murza kansa kafin ya yi tafiya, an rubuta Sowar a fuskarsa. Tun rasuwarsa yake ajiye a akwatin Inna. Na ɗauko na ba shi wani, ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya. Mai gyaran da na kai wa a nan Makka ko murfin baya bai buɗe ba, ya ce ba a samun kayansa yanzu, gara a cire injin a sa na batir. Zuciyata ba ta kwanta ba, na karɓo abina. Wanda aka taɓa faɗa wa haka, yaya kuka ƙare?

Na Karantina:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Maganar da aka faɗa maka ita aka faɗa mini a Jidda, kamar sun haɗa baki. Nawa Seiko 5 ne mai inji 6309, wanda ranakun mako ke fitowa da Larabci. Na bar shagon na gangara Balad, tsohon garin Jidda, wajen Bab Makka, na samu wani dattijo da gilashi maƙale a ido ɗaya. Ya buɗe ya nuna mini: babu abin da ya karye, mai ne ya bushe ya daskare. Ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya sa sabon mai, ya canja robar murfi. Yana hannuna yanzu haka. Yakan ƙara 'yan daƙiƙu a yini, ranar Juma'a nake daidaita shi.

Hajiya 'Yar Shara Mansur:
Ni dai an sa wa namu batir, kuma ba zan ɓoye muku ba, bai taɓa saɓa lokaci ba tun daga nan. Rado ne na maigidana, Allah ya jiƙansa, irin mai ƙwai-ƙwai ɗin nan mai sheƙi da alhazai ke rububi a da. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne: ba a dawo mini da tsohon injin ba. Da ɗana ya koma tambaya sai aka ce an zubar. To ƙanena, ko ka yarda a canja, ka tsaya a ƙulle maka tsohon a leda ka tafi da shi gida.

Mai Haraji, Riyad:
Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri, amma da wuya a ce an zubar. Injin Rado mai sarrafa kansa kuɗi ne, a jikinsa ake ciro kayan gyaran wani. Wancan samfurin Diastar ne, tun 1962 aka fara yin sa, jikinsa ƙarfe ne mai taurin gaske da ba ya saurin ƙarcewa, shi ya sa har yau za ka ga na shekaru aru-aru yana walƙiya.

Maganar babu kaya kuwa, a ce dai babu sabbi a kwali. Tsofaffi suna nan. Ku zo kasuwar Suƙ Zal da ke Dira a nan Riyad, kusa da tsohuwar fadar Masmak, ko Harajin Bin Ƙasim (haraji a nan kasuwar gwanjo ce), ko ku na Jidda ku leƙa Harajin Sawarik. Za ka tarar da matattun agogo a tire, wani babu gilashi, wani fuskarsa ta ci tsatsa amma cikinsa lafiya. Irin su nake saye don ciro kaya. West End ya shigo ƙasar nan da yawa, kamfanin Suwizalan ne tun 1886, alhazai sun kwashe shi tsaraba zuwa Kano da Indiya da ko'ina. Samun ɗan'uwansa da za a yanka ba zai gagara ba.

Sai dai a yi hattara da masu fuska sabuwa fil, launi kore shar ko ja wur, a farashin banza. Yawancinsu haɗe-haɗe ne, an sake fentin fuskar, inji daban, jiki daban. Idan Seiko ne abin da sauƙi: lambar injin da ke murfin baya ta dace da wadda aka rubuta ƙanana a ƙasan fuska, wajen ƙarfe 6, ta kuma dace da ta jikin injin. A doguwar lambar murfin kuma, ta farko ita ce ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata.

Tsohon Sa'ati:
Ɗana na Misfala, ka yi daidai da ka karɓo. A kan teburin gyara na tsufa, bari in faɗa maka abin da ke ciki.

Da farko ka daina ba shi wani. Agogon da ya shekara da shekaru a akwati mansa ya bushe, in ka tilasta shi tafiya ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Duwatsun nan da ake rubutawa 17 ko 21, ba na ado ba ne kuma ba su da tsada, yaƙutu ne na haɗi da tsinin sandunan ƙananan tayoyin injin ke juyawa a ciki, kowanne da ɗigon mansa wanda bai kai kan allura ba. Tunda ka ce ya yi tafiya kafin ya tsaya, alama ce mai kyau: babban sifirin bai tsinke ba. Da ya tsinke, da ka yi ta murzawa ba ka ji ya cika ba.

Wanda ya ce maka batir ba lallai mugu ba ne. Canjin inji aikin ɗan lokaci ne, wankin gaskiya kuwa yini guda ne a sunkuye, ga yaran yanzu da yawa batir da sarƙa kawai suka koya. Tun da Seiko ta fitar da agogon hannu na batir mai kwartz (quartz) na farko a ƙarshen 1969 sana'armu ta fara ja da baya.

In ka samu wani mai gyaran, ka tambaye shi yadda yake wanki. Idan ya ce zai tsoma injin dunƙule a fetur ya busar ya ɗiga mai, ka ɗauki abinka. Zai yi tafiya wata biyu ko uku ya sake tsayawa, don dattin yana nan, an jiƙa shi ne kawai. Sai an kwance komai. Ka kuma ce ya buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin da wayarka kafin ka bar masa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Na Karantina:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni wata matsalar ce ta taɓa samuna bayan wankin: rana ɗaya ya kama gudu, kafin la'asar ya wuce da mintoci. Na zaci aikin ne ya lalace.

Tsohon Sa'ati:
A ina kake ajiye shi da dare? In kusa da waya ne ko lasifika, maganaɗisu ya kama. Siririn gashin nan da ke numfashi a tsakiyar inji shi ke mannewa da juna, ya gajarce, agogo ya yi ta sauri. Akwai 'yar na'ura da ake ɗora shi a kai, nan take ya warware. Kada a karɓi kuɗin wanki a hannunka saboda wannan.

Na Karantina:
A kan waya nake ɗora shi kuwa. Haka dattijon ya yi, ko sisi bai karɓa ba.

Malam na Hindawiyya:
Ku yara ba ku san wahalar da agogon nan suka sha ba. Da muna ƙanana lissafin lokaci irin na Larabawa ake bi a ƙasar nan, har wajen ƙarshen shekarun 1960. Da an kira magariba kowane dattijo zai ja kan agogonsa ya mayar da shi ƙarfe 12 daidai, daga nan ake fara ƙirgen sabuwar rana. Kusan kullum sai an ja an tura. Nawa na gado da na kai gyara, injin lafiya lau, sandar wanin ce ta cinye, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta. A duba wajen a naka, ɗan Misfala, in Babanku ya riski zamanin.

Ɗan Jami'a, Madina:
Nawa alwala ce ta kashe shi. Orient ne na kawuna, an rubuta a bayansa cewa ruwa ba ya shiga, ashe robar ta daɗe da bushewa. Da na ga hazo a cikin gilashi na kai washegari, aka buɗe aka busar, ya tsira, sai ɗan tabo a fuska. Abokina a Jidda ya bar nasa da hazon mako guda, ga zufa ga danshin teku, tsatsa ta cinye shi. Yanzu aljihu nake sa shi kafin in taɓa famfo. Amma gaskiya Hajiya ma tana da hujja, wanda zai fita aiki da asuba ba kowa ke da haƙurin wani da saiti ba.

Ɗan Misfala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Asabar zan shiga Jidda in sha Allah. Tambaya ɗaya, Baba Sa'ati: fuskar ta yi rawaya, lambobin kuma akwai wani abu kamar ƙasa-ƙasa a kansu da ke ɓarɓashi. In ce a goge a sake fenti?

Tsohon Sa'ati:
A'a, a bar fuskar yadda take, fenti na zubar da darajarsa wajen masu saye. Gilashin in na roba ne ana goge shi ya yi haske, ko a canja. Abin da ke ɓarɓashin nan maganin haske ne na dare. A agogon da aka yi kafin shekarun 1960 sau da yawa da sinadarin radiyom ake haɗa shi, kuma yana da illa in ya shiga ciki. Kada ka buɗe a gida, kada ka hura da baki, kada yara su yi wasa da shi. Ka faɗa wa mai gyaran tun kafin ya cire injin daga jiki.