Idan Fada ya ji a wurin furta zunubi cewa ana lalata da yaro, ya kai ƙara ko ya ja bakinsa?

Barista: Jama'a, barkanmu da yamma. Maganar da muka faro bayan Misa ban gamsu da inda aka tsaya ba. Ni dai ina kan bakana: duk Fadan da ya ji a wurin furta zunubi cewa ana lalata da yaro, ya kamata doka ta tilasta masa ya sanar da hukuma. Kuma ba a bakina aka fara ji ba. A Ostireliya hukumar bincike ta gwamnati ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017, ta gano cewa kashi 7 cikin 100 na Fadodin da suka yi hidima tsakanin 1950 da 2010 an zarge su da wannan ta'asa, ta ce a daina fakewa da sirrin furta zunubi. A 2020 jihar Queensland ta mai da shi doka, wanda ya ɓoye yana iya shan ɗaurin shekara 3.

Baba Katikis: Barista ɗana, ka san dokar ƙasa, amma ka bar mini wannan. Doka ta 983 ta ikilisiya ta ce sirrin nan ba a keta shi ko da wane dalili. Fadan da ya tona ya fita daga tarayyar ikilisiya nan take, sai Roma ce kaɗai za ta iya dawo da shi. A 2019 Vatican ta sake nanata haka. Abin da aka faɗa a wurin nan ba Fada aka faɗa wa ba, Allah aka faɗa wa. Sannan sau da yawa akwai labule tsakani, bai ma ga fuskar mai magana ba. Sunan wa zai kai ofishin 'yan sanda?

Anti Nas: Baba, Allah ya ja da ranka, ka yi haƙuri in sa baki. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara goma, ya koma fitsarin kwance, ya daina cin abinci, in namiji babba ya shigo ɗakin sai ya ƙanƙame zanen uwarsa. Wanda ya yi masa ba Fada ba ne, ɗan uwan ubansa ne, amma ciwon iri ɗaya ne. Tun daga ranar duk maganar da ta fara da "sirri" gabana faɗuwa yake. Akwai wani Fada a Queensland ɗin nan, Michael McArdle, ya rantse a takardar kotu cewa ya furta wannan zunubi sau 1,500 a gaban Fadodi 30 cikin shekara 25. Kowane lokaci ya tashi da sauƙin zuciya, ya koma ya ci gaba. Baba, wa sirrin ya kare a nan?

Baba Katikis: 'Yata, wannan labari ya sosa mini rai. Amma laifin waɗanda suka yi ta sallamarsa da 'yar addu'a ne. Fada yana da ikon ya hana gafara in bai ga tuba ta gaskiya ba.

Kawu Direba: Ku dai kuna ta kewaye-kewaye. A bar su su yi aure a huta. Kuma wannan ai matsalar Turawa ce, ku duba ƙasashen da ake lissafawa.

Anti Nas: Kawu, mutumin da na ba da labarinsa yana da mata da 'ya'ya. Aure bai hana shi ba. Ƙasashen da ka ji ana kira kuwa su ne inda aka buɗe akwatunan takardu aka ƙirga. Inda ba a ƙirga ba, ba a ce babu ba.

Tsohon Ɗan Seminari: Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don ina ganin Barista da Baba duk sun bar jaki suna dukan taiki. Ku ɗauki Boston, inda jaridar Boston Globe ta fasa ƙwai a Janairun 2002. Fada John Geoghan an zarge shi da yara fiye da 130. Ta ina shugabanninsa suka sani? Ba ta wurin furta zunubi ba. A 1982 wata mata ta zauna ta rubuta wa Kadinal Medeiros, babban bishop na Boston a lokacin, wasiƙa da hannunta kan yara bakwai na danginta. Wasiƙa ce, ba labule, ba rantsuwa, ga suna ga adireshi. Me ya biyo baya? A 1984, zamanin magajinsa Bernard Law, aka ɗauke Geoghan aka kai shi wata majami'a, ya ci gaba da hulɗa da yara. Law ya yi murabus a Disambar 2002, a 2004 kuma aka ba shi babbar majami'a a Roma.

Haka a Pennsylvania a 2018: Fadodi sama da 300, yara sama da 1,000, a dayosis shida (wato yankunan da bishop-bishop ke kula da su). Masu binciken daga takardun ofisoshin bishop-bishop suka samo yawancin hujjojinsu. Wato an sani, an rubuta, an kulle a durowa. Ko da an soke sirrin furta zunubi tun 1950, waɗannan yaran ba za su tsira ba, don ba a nan aka ɓoye su ba. Kuma Barista, ranar da mai laifi ya san Fada zai kira ɗan sanda, ba zai ƙara zuwa ba. Ka rasa shi, ka kuma rasa yaron da ke zuwa ya yi raɗa don ya san ba za a kai gida ba.

Barista: Ɗan'uwa, maganarka ta durowa gaskiya ce, amma ba ta kore tawa ba. Yaron da ka ambata a ƙarshe shi ne damuwata. Shi ba zunubinsa yake furtawa ba, kuka ya kawo. A Faransa hukumar Jean-Marc Sauvé ta ƙiyasta a 2021 cewa yara 216,000 malaman coci suka ci zarafinsu tun 1950. Kwana guda bayan rahoton, shugaban bishop-bishop na ƙasar, Éric de Moulins-Beaufort, ya ce sirrin furta zunubi ya fi ƙarfin dokokin jamhuriya, har ministan cikin gida ya kira shi ofis. Mutumin da aka zalunta yana ɗan shekara tara ya ji wannan a rediyo, me kake so ya ɗauka?

Tsohon Ɗan Seminari: Abin da aka koya mana shi ne Fada ya ce wa yaron: wannan ba laifinka ba ne, ka same ni a waje ka maimaita mini, ko mu je wurin mamarka tare. Da ya faɗa a waje, ba sauran sirri.

Barista: In kuma yaron ya ji tsoro bai dawo ba fa?

Mama Zumunta: 'Ya'yana, na karanta duka. Ni ban je Boston ba, amma na san yadda ake yi a nan. Yarinya ko yaro ya faɗa wa uwarsa, uwa ta faɗa wa uba, uba ya ce rufa mana asiri. In ta matsa, a tara dattawa, a karanta mata "kada ku taɓa shafaffena", ta koma gida ita ce mai laifi. Mu ne muke tura 'ya'yanmu gidan Fada su yi shara, su wanke mota, har magariba, ba mai tambaya wa ke gidan. Yawancin Fadodinmu bayin Allah ne, wasu ma sun ba da ransu a kan hidima. To shi na kirkin me zai rage masa in an ce kada yaro ya shiga ɗaki da babba shi kaɗai, ƙofa a rufe?

Baba Katikis: Mama, ban ƙi ba. Sai dai a yi hattara da ƙazafi. Kadinal George Pell ya yi sama da shekara guda a kurkuku kan irin wannan zargi kafin babbar kotun Ostireliya ta wanke shi a 2020. Kuma kun san garuruwanmu, labari irin wannan in ya fita ba hujja, masu neman fitina sun samu abin da suke so.

Barista: Baba, ai shi ya sa ake bincike. Kotu ce ta wanke Pell, ba taron dattawa ba. Tsoron fitina kuwa shi ne irin dalilin da Vatican ke bayarwa na ƙin tilasta kai ƙara ga 'yan sanda a duk duniya. Dokar da Fafaroma Francis ya kafa a Mayun 2019, ya tabbatar da ita a 2023, ta wajabta wa Fada da Sista su kai rahoto, amma ga shugabannin coci. Ga hukuma kuwa, sai abin da dokar ƙasa ta ce. Mu kuma a Najeriya muna da Dokar Haƙƙin Yara tun 2003.

Mama Zumunta: Tsaya Barista, kada ka wuce. Wannan dokar ta 2019, mu ma ta shafe mu?

Tsohon Ɗan Seminari: Ƙwarai, Mama. Kowace dayosis a duniya aka ba ta shekara guda ta buɗe hanyar da kowa zai iya kai ƙorafi cikin sauƙi.

Mama Zumunta: To mu nan duk 'yan coci ne, har da katikis. Wa ya san ofishin, ko lambar wayarsa? Baba, ranar Lahadi kai ke karanta sanarwa. Ka tambayo mana Fada, a karanta a gaban kowa, da Hausa.

Baba Katikis: Zan tambaya. Amma maganar sirri, Barista, ina nan inda nake.

Barista: Ni ma haka, Baba.