Neman kalma: me za mu kira "copilote" na tseren mota?

Mai Shirin Wasanni (Garwa): Salamu alaikum. Jama'a ku agaza, gobe ƙarfe 4 na yamma shirina zai fita. Na yi hira da wasu samari biyu da suka shiga tseren rali na 'yan sha'awa, da tsohuwar motar da suka gyara da kuɗin aljihunsu. Ɗaya na riƙe da sitiyari, ɗayan na gefensa da takarda, wanda Faransawa ke ce wa "copilote". Na rubuta "mataimakin direba", yaron ya ɓata rai, wai shi ba mataimakin kowa ba ne. Me zan kira shi?

Baban Tasha (Ngaundere): Karen mota mana. Ina abin wahala?

Mai Shirin Wasanni: Baba, rufa mini asiri. In na faɗi haka a rediyo har gida zai biyo ni.

Ɗan Kuseri: Yaya, yaron nan yana da gaskiya. Na zauna a kujerar nan sau biyu. Kafin ranar tsere za ku bi hanyar sannu a hankali, direba na faɗa kana rubutawa: kwanar dama, mita 150, gada, kwanar hagu mai tsanani, kar ka yanke akwai dutse. Kowace kwana da lambarta gwargwadon kaifinta. Ranar tsere kai ne za ka riƙa karanto masa ta na'urar magana da ke cikin hular kwano, tun kafin idonsa ya ga kwanar. Katin lokaci ma a hannunka yake. A ƙa'idar gasar duniya, in kun makara minti ɗaya wurin masu duba lokaci za a ƙara muku daƙiƙa 10, in kuwa kun yi azarɓaɓi kun shiga saura minti ɗaya, minti guda cur za a ɗora muku. Kanka a sunkuye, mota na tsalle, cikinka na juyawa. Rannan gumi ya manne mini shafi biyu, na buɗe su tare, na ce masa "miƙe", ashe radiye ne a gabanmu, wato daɓen simintin da hanya ke ratsa rafi ta kansa. A cikin yashin mayo, wato rafin, muka ƙare, ƙafar gaba ta karye. Sai da ya kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Malamin Hausa (Marwa): Duk wannan bayani kalma ɗaya ta ɗauke shi: jagaba. A ayarin fatake madugu ne shugaba, jagaba ne ke gaba, shi ya san hanya da mashaya da inda ake zango. Kakanninmu sun kai Gwanja sayen goro da wannan tsari. Me ya kai mu aro?

Ɗan Kuseri: Allah gafarta Malam, jagaba a gaba yake tafiya. Wannan kuwa kafaɗa da kafaɗa suke da direba, ɗamara iri ɗaya aka ɗaure su da ita.

Baban Tasha: Kuma ka ce jagaba a rediyo yanzu, rabin masu saurare za su zaci shugaban Najeriya ne ya zo tsere Garwa.

Hajiyar Njamena: Ni da na ji bayanin ƙanena na Kuseri, mai jan baƙi ne ya faɗo mini. Shi yana karantowa, direba na fassarawa da hannu da ƙafa.

Malamin Hausa: Subhanallahi. Hajiya, kar a ɗauko kalmar majalisin tafsiri a kai ta wurin wasan ƙura.

Hajiyar Njamena: Na janye, Malam. Amma a kula, kalmar ta zama wadda za ta hau mace. A 1981 Michèle Mouton ta ci gasar Sanremo a Italiya, wadda ke karanta mata hanya ma mace ce, Fabrizia Pons. Duk abin da ya fara da "mai" ya hutar da mu: mai karanta hanya, masu karanta hanya.

Bakano: Ku dai mutanen Kamaru da Cadi kuna son wahalar da kanku. Ku ce kodireba a wuce wurin. Hausar taku ai rabinta Faransanci ce, rabi Fillanci. Wai radiye, wai mayo.

Baban Tasha: Kai yaro, direba da sitiyari da birki a Dala aka haƙo su? Ku kun ara wurin Bature na Ingila, mu mun ara wurin na Faransa. Wa ya fi wa?

Malamin Hausa: Shi ya sa nake cewa a bar direban ma. Matuƙi ne. Matuƙi da jagabansa. Ku ji yadda ta zauna a baki!

Baban Tasha: Malam, na tsufa a kan titi, ba wanda ya taɓa ce mini matuƙi. Shofer suke cewa. Matuƙi a wurinmu mai kwalekwale ne a kogin Binuwai.

Bakano: Shofer kuma? Allah ya kyauta.

Hajiyar Njamena: Ɗana, kai da ba ka taɓa tsallake Gamboru ba, bar mu da Hausarmu. Ana jin ta a kasuwa, ana ciniki da ita.

Baban Tasha: Ni abin ma ya tuna mini Janairun 1992, lokacin da 'yan tseren motoci na Paris zuwa Dakar suka sauya hanya suka nufi Afirka ta Kudu. Na kai kaya Njamena suka shigo, daga nan suka yi Sarh, suka bi ta Bouar suka faɗa Yawunde. Muna ganin mutum biyu biyu a mota, mun ɗauka na biyun makanike ne. Hubert Auriol ya ci a Mitsubishi Pajero, wannan kowa ya ji. Na gefensa fa?

Ɗan Kuseri: Philippe Monnet. Kuma Baba, shi asalinsa matuƙin jirgin ruwa ne, don haka Malam ya samu matuƙinsa, sai dai a ɗaya kujerar. Haka abin yake kullum. Sébastien Loeb ya ci kambun duniya sau 9 a jere, daga 2004 zuwa 2012, duk tare da Daniel Elena, amma sunan mutum ɗaya ake riƙewa. In aka ƙara da "mataimaki" an gama binne mu. Ni na bi Hajiya, mai karanta hanya.

Malamin Hausa: Kalma uku don abu ɗaya? Wannan ai bayani ne, ba suna ba.

Hajiyar Njamena: Mai gabatar da ƙara kalma nawa ce, Malam?

Mai Shirin Wasanni: Dare ya yi, jama'a. Na kira yaron na karanta masa duka. Ya yi dariyar jagaba, ya ce su a tsakaninsu kofilot suke cewa, amma mai karanta hanya bai ɓata masa rai ba. To, a farkon shiri zan ce "kofilot, wato mai karanta hanya", daga nan in ci gaba da ta Hausar. Saura littafin da yake riƙewa, wannan fa?

Malamin Hausa: Ku yi yadda kuka ga dama. Ni a allon ajina jagaba zan rubuta. Littafin kuwa kundin jagaba ne.

Mai Shirin Wasanni: Na sa "takardar hanya", Malam. Sai da safe.