Iskar da ke tashi daga gonar shinkafa: me za mu kira ta da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka da kalmomi huɗu da ke yawan zuwa tare a rahotannin noman shinkafa: greenhouse gas, methane, AWD (alternate wetting and drying, wata dabarar ban-ruwan shinkafa), da volatility idan ana maganar farashi. Abin da aka saba ji shi ne "hayaƙi mai gurɓata muhalli" da "hauhawar farashi". Duka biyun ba su kwanta mini ba. Gonar da ke cike da ruwa, ina wutar da za ta yi hayaƙi?

Masanin Ƙasar Noma:
Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka ya ji daidai. A fara da sanin abin kafin a raɗa masa suna.

Idan ruwa ya kwanta a kan fangalin shinkafa, iskar shaƙa da ke cikin ƙasa tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki. Ƙwayoyin halittar da ke cin ruɓaɓɓun ganye da saiwoyi sai su koma numfashi da wasu sinadarai, ɗaya bayan ɗaya: naitiret, manganis, ƙarfe, sannan salfet. Sai waɗannan sun yi ƙaranci ne wani rukuni na ƙwayoyin, waɗanda ba sa rayuwa inda akwai iskar shaƙa, suke samun fili. Su ne ke samar da metan, wato CH4. Shi ya sa ba a ranar da aka cika gona take fara fita da yawa ba, sai ruwan ya jima a kwance.

Hanyar fitarta uku ce. Kaɗan tana tasowa a matsayin kumfa, irin wadda ake gani idan aka taka taɓo. Kaɗan tana ratsa ruwan a hankali. Mafi yawa, har kusan kashi 90 cikin 100 a lokacin da shuka ta yi ƙarfi, tana bi ta cikin jikin shinkafar ne, ta waɗannan ƙananan ramukan da shukar ke kai iska zuwa saiwarta da su. Hanya ɗaya ce, mai shiga da mai fita.

Metan ba ta da launi, ba ta da wari, ba a ƙona komai kafin ta fito. Don haka "hayaƙi" ya faɗi. Illarsa ma ta wuce kuskuren harshe: manomin da ya ji "a rage hayaƙi" zai ɗauka ƙona karan shinkafa kaɗai ake nufi. Zai daina ƙonawa, ya birne ɗanyen karan, ya sako ruwa a kai cikin mako guda. Wannan kuwa shi ne ya fi komai ƙara metan, domin ya ba ƙwayoyin abinci kuma ya toshe musu iska. Abin da ya dace a birne karan fiye da kwana 30 kafin a cika gona, ya ruɓe a ƙasar da ke numfashi, ko a kwashe shi a yi takin gargajiya da shi a gefe.

Malamin Hausa:
To, hayaƙi ya fita. "Gurɓata" ma ina da ja a kansa. Abin da ya gurɓata shi ne wanda ya yi datti ko ya zama guba, kamar ruwan rijiya. Iskar kabon da muke fitarwa a numfashi, da ita tsiro ke rayuwa. Laifin waɗannan nau'o'in iska ba datti ba ne, zafi suke hanawa ya fita.

Kada kuma mu bi Turawa zuwa ɗakin gilashinsu na rainon tsirrai, wanda suke kira greenhouse. "Iskar gidan tsirrai" ko "iskar koren gida" ba ta gaya wa kowa komai. Kwatancen ma a can bai cika ba: ɗakin gilashi yana ɗumi ne saboda ya hana iska mai zafi tashi ta fice, ba don gilashin ya yi aikin da waɗannan sinadarai ke yi ba. Bai kamata mu aro kwatancen da masu shi ma suke gyara masa zama ba.

Ga abin da na ga ana iya zaɓa a ciki: iskar ɗumama yanayi, iska mai tare zafi, iska mai riƙe zafi, iskar bargo.

Injiniyar Ban-ruwa:
Allah ya gafarta Malam, bargon nan a cire shi tun yanzu. Rabin masu rubutu a waya ba sa saka ƙugiya, ba za a san bargon rufa ake nufi ba ko ɓargon ƙashi.

Masanin Ƙasar Noma:
Tsakanin "tare" da "riƙe" na fi son riƙe. Hasken rana yana wucewa ta cikin wannan iska ya iso ƙasa ba tare da an hana shi ba. Ƙasa ta yi zafi, ta mayar da shi sama a wani nau'in haske da ido ba ya gani. Shi ne iskar ke sha, ta sake fesa shi ta kowane ɓangare, har da ƙasa. Wanda ya ji "tare zafi" zai iya ɗauka inuwa take yi mana, tana tare zafin rana, akasin gaskiya ke nan. "Ɗumama yanayi" sakamako ne, ba ya nuna yadda abin ke faruwa, amma ba kuskure ba ne.

Malamin Hausa:
Na karɓa. "Iska mai riƙe zafi" a bayani, "iskar ɗumama yanayi" a kanun labari inda wuri ya yi ƙunci. Sai dai a kula da jam'i. Duk wanda ya rubuta "iskoki na tashi daga gonakin shinkafa" ya tura mai karatu neman mai ruƙiyya. A ce "nau'o'in iska masu riƙe zafi", ko a bar ta tilo. Kalmar "gas" ita kaɗai ma a guje mata, tunda ta riga ta zama ta girki da ta man manyan motoci.

Ita methane fa, ina ganin "iskar fadama" ta yi kyau a kunne. A cikin dausayi ma aka fara gano ta: Alessandro Volta ya tara kumfarta a gefen tafkin Maggiore a 1776.

Injiniyar Ban-ruwa:
Ta yi kyau a kunne, Malam, amma za ta ɗora wa mai fadama laifin da ba nasa kaɗai ba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce cikin metan da ɗan Adam ke jawowa, shinkafa na da kusan kashi 8, dabbobi kusan kashi 32, mafi yawan saura daga man fetur, gas, kwal da juji. Ya za a ce saniya ta yi gyatsar iskar fadama? Kuma ba kowace fadama ba ce: mai albasa ko tumatir da ba ya kwantar da ruwa ba ya cikin wannan lissafi. A bar ta "iskar metan", yadda muka bar yuriya da fetur.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, AWD. Na ga an fassara ta "jiƙawa da busarwa". Wannan kalma, busarwa, tana iya kashe gona. Ga yadda cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta tsara aikin, sai ku auna da kanku.

Ana samun bututun roba mai tsawon santimita 30, faɗin bakinsa 10 zuwa 15. A huhhuda rabinsa na ƙasa ta kowane gefe. A kafa shi cikin gona har rabin da aka huda ya nutse, santimita 15 su rage a sama, a kwashe taɓon da ke cikinsa har ƙasa. A zaɓi wurin da ba tudu ba kwari, kusa da kunya don a riƙa leƙawa. A ranar farko a duba: idan ruwan ciki bai yi daidai da na waje ba, ramukan sun toshe, a cire a sake kafawa.

Ana farawa mako ɗaya zuwa biyu bayan dashe. A cika gona ruwa ya kai santimita 5, a bar shi ya janye da kansa. Saman ƙasa zai bayyana, har ya ɗan tsattsage, amma ba shi ake kallo ba, cikin bututu ake kallo. Da zarar ruwa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron gona, a sake cikawa zuwa 5. A wannan zurfi saiwa tana shan ruwa lafiya. Tsakanin cikawa da cikawa yana iya zama kwana ɗaya, yana iya wuce goma, ya danganta da irin ƙasa da zafin rana, don haka ba a ƙirga kwanaki a ce an yi AWD.

Wurin da ake asara: lokacin fure. Daga mako guda kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako guda bayansa, ruwa ya zauna a santimita 5, babu janyewa. Ƙishirwa a wannan lokaci tana ba da zangarniya mai holoƙo. Idan ciyawa ta yi yawa, a jinkirta farawa da mako biyu ko uku, ruwan kwance ya danne ta tukuna. Ƙasa mai yashi sosai da mai gishiri ba su dace ba. Gonar da ba a daidaita ta ba kuwa, tudunta zai ƙone kwarinta yana cikin ruwa.

To ina busarwa a nan? Ƙasar ba ta bushe ba, tsanewa ta yi. Ina ba da shawarar "ban-ruwan cika-da-tsanewa".

Malamin Hausa:
Injiniya, kin gama magana. Tsanewa ita ce daidai: ruwa ya janye, danshi yana nan, kamar wankin da aka matse ba a kai ga shanya ba. A baki za ta gajarce ta zama "cika-tsane", kuma ba laifi. Shi bututun a ce "bututun duba ruwa".

Masanin Ƙasar Noma:
Ga lissafi ga mai son saka lamba a fassara. A ƙa'idar 2019 ta IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, gonar da ruwa ke kwance a kanta duk tsawon noma, ba a zuba mata kara ko takin gargajiya ba, ana ɗauka tana fitar da kilo 1.19 na metan a kowace hekta kullum. Kwana 110 ya ba da kusan kilo 131. Kilo ɗaya na irin wannan metan yana riƙe zafi kamar kilo 27 na iskar kabon idan aka auna a kan shekara 100, ke nan kusan tan 3.5 a hekta. Idan ana tsane gonar sau da yawa, ana ninka adadin da 0.55, ya koma kusan kilo 72. Ruwan da ake ragewa kuma yana iya kai kashi 30.

Amma a nan ne amfanin cewa "nau'o'in iska" yake. Ƙasar da ke jiƙewa tana tsanewa, idan takin naitirojin ya yi mata yawa, tana fitar da wata iskar, N2O, wadda kilo ɗaya nata ya kai 273 na kabon, kuma tana wuce shekara 100 a sama, alhali metan kusan 12 take yi. Maganinsa a raba yuriya kashi-kashi, kada a wuce ƙima, a zuba ta dab da za a sako ruwa, ba dab da za a tsane ba. Fassarar da ta mayar da komai "metan" za ta ɓoye wannan.

Mai Bin Kasuwa:
Saura tawa. "Hauhawar farashi" hanya ɗaya take bi, sama. Volatility ba ta damu da inda farashi ya nufa ba, girman tsallensa take aunawa. Ɗauki kasuwa biyu a wata uku: ɗaya 100, 100, 100, ɗaya 60, 140, 100. Matsakaicinsu ɗaya ne, amma wanda ya sayar a watan farko a kasuwa ta biyu bai mayar da kuɗin takinsa ba.

Shinkafa ta yi fice a wannan saboda kasuwarta ta duniya siririya ce. Kusan kashi 90 a Asiya ake noma ta, a can ake cinye mafi yawa, kusan kashi 10 kawai ke ƙetare iyaka. Ƙasa ɗaya ta rufe ƙofa, kowa ya ji a jikinsa. A ƙarshen 2007 tan ɗaya na shinkafar Tailan bai kai dala 400 ba. Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitarwa, Filifin ta shiga saye da gaggawa, zuwa Afrilu da Mayun 2008 ya doshi dala 1,000, kafin shekarar ta ƙare ya dawo ƙasa da 600. Ba fari aka yi da ya kai haka ba, tsoro ne. A Yulin 2023 Indiya, mai kusan kashi 40 na shinkafar da ake fitarwa, ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati (doguwa mai ƙamshi) ba. A Agusta ma'aunin farashin shinkafa na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai inda bai kai ba cikin shekara 15. Indiya ta ɗage hanin a Satumban 2024, farashi ya yi ta gangarowa. Wanda ya kira duk wannan "hauhawa" ya ba da rabin labari.

Abin da ya haɗa wannan da maganar Injiniya: manomin da bai san nawa zai sayar ba, ba ya son gwada abin da yake zaton zai rage masa buhu. Ruwa kwance a idonsa shi ne tabbas. In kuma farashi ya yi tsalle, sai a ƙara noman rani, a ƙara zagaye na biyu ko na uku a gona ɗaya, kwanakin da ƙasa ke ƙarƙashin ruwa su ƙaru.

Ina da uku: hawa-da-saukar farashi, tangal-tangal ɗin farashi, lilon farashi.

Malamin Hausa:
Tangal-tangal na abin da ke shirin faɗuwa ne, ya karkata gefe ɗaya. Lilo yana da daɗi, sai dai yana zuwa yana dawowa a kan ƙa'ida, har yaro ya san lokacin da zai dawo, kasuwa kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Hawa-da-sauka kowa ya san ta, ita za mu riƙe. Inda ake nufin ma'aunin da masana ke lissafawa, a ce "tsananin hawa-da-sauka", don a iya cewa ya ƙaru ko ya ragu.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na gwada su a jimla ɗaya: "Ban-ruwan cika-da-tsanewa yana rage iskar metan, ɗaya daga nau'o'in iska masu riƙe zafi, amma tsananin hawa-da-saukar farashi na sa manoma ɗari-ɗari da shi." Ta shiga baki.

Injiniyar Ban-ruwa:
Ta shiga. Abu ɗaya, Malam: duk inda "tsanewa" ta fito a rubutun da manomi zai karanta, a biyo ta da santimita 15 da kuma makonni biyun fure. Kuma a rubuta "ƙasa da doron gona", domin an sha auna 15 ɗin daga bakin bututu, wanda a nan ruwan bai ma bar saman ƙasa ba.