Kumburin gwiwa na bursitis: me ya yi muku aiki?

Mai shimfiɗa tayil: Assalamu alaikum. Sana'ata a durƙushe ake yin ta. Kwanakin nan saman ƙoƙon gwiwata ya kumbura kamar ƙwai, in na danna sai in ji ruwa yana motsi a ciki. Ina tafiya lafiya lau, durƙuso ne ya gagare ni. Likita ya ce bursitis ne, wai akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa tsakanin fata da ƙashi da ke hana gogayya, ita ce yawan dannewa ya kumbura. Waɗanda suka taɓa fama da shi, me ya yi muku aiki?

Mai gyaran famfo: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, irin naka na yi. Ƙanƙara ce ta taimake ni. In naɗe ta a tawul in ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini, kada dai ta taɓa fata kai tsaye. Da dare in tokare ƙafar da filo ta ɗara ƙirjina tsawo, da rana kuma bandeji mai talewa, ba a matse sosai ba. Amma gaskiya duk wannan banza ne in kana ci gaba da durƙuso. Sai da na ba gwiwar hutu na 'yan makonni kafin kumburin ya sace. Yanzu ba na taɓa aiki sai da soson gwiwa a ɗaure.

Wata uwa: Nawa ba a sama yake ba, ta ciki ne, ƙasa da gaɓar da kamar yatsu uku. Kumburin kaɗan ne, amma hawa bene azaba, kwanciya ta gefe ma haka in gwiwoyin suka haɗu. Mai gashin ƙashi ta koya mini miƙar da jijiyoyin bayan cinya, ta ce in riƙa sa filo tsakanin ƙafafuna, in kuma rage ƙiba. Na ga sauƙi, alhamdu lillahi.

Mai aikin lambu: Don Allah kowa ya kula da wannan. Ni ƙaya ce ta ɗan karce ni a gwiwa, ciwon da ko jini bai yi ba. Bayan ɗan lokaci wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi rau, fatar tana sheƙi, ga zazzaɓi da sanyi-sanyi. A asibiti suka zuƙo ruwan da sirinji, ya fito gurɓatacce, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun shiga jakar. Maganin kashe ƙwayoyin cuta aka ɗora ni a kai, aka sake zuƙewa daga baya. Irin wannan ƙanƙara ba ta yi masa komai. Wanda ya ga ja da zafi da zazzaɓi, musamman mai ciwon suga, ya tafi asibiti a ranar.

Mai shimfiɗa tayil: Allah Ya ƙara sauƙi. Nawa bai yi ja ba. Abokan aiki suna ta cewa in huda da allura ruwan ya fita, ya kuka gani?

Ma'aikaciyar jinya: Kul, Malam! Da hannunka za ka kai ƙwayar cuta inda babu ita. Ko a asibiti ba kowane kumburi ake zuƙewa ba, don sau da yawa ruwan yana sake taruwa. Ibuprofen yana rage zafi da kumburi, a sha bayan an ci abinci. Mai olsa, ko ciwon ƙoda, ko mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita tukuna, paracetamol ya fi masa sauƙi. Allurar steroid, wato ta rage kumburi, kuwa ba a yin ta sai an tabbatar babu ƙwayar cuta a wurin.

Mai gyaran famfo: Wajen sayen soson, ka nemi mai kauri wanda igiyarsa ba ta yanke bayan gwiwa. Kuma ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa tsakanin layi da layi.