Shin laifi ne a rufe jimlar Turanci da "with" ko "from"?

Ɗaliba: Jama'a ku raba mana gardama. Na rubuta "Who did you go with?" aka zabga mini jan biro, wai ba a ƙare jimla da with, from, at da 'yan uwansu, su preposition. Da gaske ne?

Tsohon malami: Da gaske ne, 'yata. "With whom did you go?" ake cewa. Sunan kalmar ma ya faɗa, ma'anarsa abin da ake sawa a gaba. In ta koma ƙarshe, gaban wa take?

Ɗan jarida: Allah ya ƙara girma, Malam. Amma in ka gamu da baƙo, "From where are you?" kake ce masa? Ai sai ya ɗauka shari'a za ka yi masa.

Tsohon malami: Wannan maganar baki ce. Rubutu daban.

Mai fassara: Malam, a gafarce ni, dokar nan ba da ita aka haifi Turanci ba. Marubuci John Dryden ne a 1672 ya caccaki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson kan wannan, alhali Jonson ya shekara 35 a kabari, ba bakin ramawa. Dryden harshen Latin yake hange, inda ba a barin irin wannan kalma ita kaɗai a ƙarshe. Har ya koma kan tsohon rubutunsa yana gyarawa, don shi ma ya sha aikata laifin.

Ɗan jarida: Wato mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi!

Mai fassara: Ba a nan ta tsaya ba. Robert Lowth, wanda littafin nahawunsa na 1762 ya yaɗu a makarantu, bai haramta ba. Cewa ya yi ɗaya salon ya fi dacewa da rubutu mai nauyi. Kuma a wurin da yake wannan bayani, shi kansa ya dire magana da "to".

Tsohon malami: To ai kin dawo hanyata: rubutu mai nauyi.

Mai fassara: "Ya fi dacewa" daban, "kuskure ne" daban, Malam. Gwada gyara "What is it for?" mu ji.

Lauya: Ni dai a takardar kotu "to whom" zan ci gaba da sawa, kwarjini gare shi. Amma "Where is he at?" ba na yafe ta, don "at" ɗin zaman banza yake yi.

Ɗan jarida: Ƙamus ɗin Merriam-Webster ma a 2024 ya fito fili ya ce ya halatta, masu ra'ayin Malam suka yi masa ca.

Tsohon malami: Ƙamus ba shi ke duba jarrabawa ba.

Ɗaliba: To Baba, maki biyun nawa fa, wa zai biya ni? Dryden?