Neman shawara: samina ta matso, bishiyar da ba ta ƙarewa ta tsaya min a wuya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a lissafi a nan Kano, saura mako biyu in tsaya gaban malamai. An ba ni take kan sarƙaƙiyar harsunan da otomata (na'urar lissafi ta kan takarda da ke karanta haruffa, ta karɓa ko ta ƙi) ke ganewa a bishiyoyi marasa iyaka. Ma'anar dai na riƙe ta: bishiya ce da kowace gaɓarta ke rabuwa biyu, hagu da dama, har abada, kowace gaɓa da harafinta, "harshe" kuma tarin bishiyoyin da na'urar ta karɓa ne. Na rubuta shafi 14 na kai wa malamina. Ya karanta biyu, ya ajiye biro, ya ce, "Wace sarƙaƙiyar kake nufi?" Na yi tsuru-tsuru. Jiya har biyun dare ina zane a bayan tsohuwar kalanda da fitilar waya. Hajiyarmu da ta ji ana ta bishiya bishiya, ta zaci gandun daji na koma. Don Allah ta ina zan kama?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malaminka ya gama maka aikin ai. Abu biyu ka cakuɗa. Akwai tambayar lokaci: idan an ba kwamfuta otomata, yaushe za ta gano ko akwai bishiyar da yake karɓa? A 1988 Emerson da Jutla suka nuna cewa ga nau'in otomatan da ake kira na Rabin wannan cikakkiyar matsalar NP ce, wato tana cikin mafi wuya a ajin matsalolin da ake iya tabbatar da amsarsu ta "e" da sauri. Ga otomatan fariti kuwa (mai yanke hukunci da ko lambar da ke ta dawowa tana rabuwa biyu daidai ko a'a) tana cikin NP da coNP (masu saurin tabbatar da amsar "a'a") duka biyu, kuma duk da ci gaban da Calude da abokansa suka kawo a 2017, har yau ba a samo hanyar folinomiyal ba, wato mai saurin warware ta. Ɗayar tambayar ta tofoloji ce, wato ta siffar tarin: a wane mataki harshen yake a tsanin Borel, tsanin da ke jera tarin abubuwa daga mai sauƙin bayani zuwa mai wuya? Zaɓi ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa.

Malama daga Gwale:
Ɗana, ka ɗauki ta tofoloji, kuma kada ka fara da ma'anoni. Fara da misali ɗaya tak.

Haruffa biyu ne, a da b. Ka tara duk bishiyoyin da ke da aƙalla reshe ɗaya (hanya daga tushe har abada) wanda harafin a ke ta dawowa a kansa ba iyaka. Nau'in otomatan da ake kira na Büchi yana gane wannan ba wahala: kamar mai tafiya a lungunan cikin gari ne, duk mararrabar da ya iso sai ya cinki hannu ɗaya ya bi, yana lura ko harafin a na ci gaba da fitowa. To yanzu juya maganar: bishiyoyin da harafin a ke ɗaukewa a kan kowane reshe bayan wani lokaci, wato kishiyar harshen farko. Jimlar kamar ba a canza komai ba, amma a 1970 Rabin ya tabbatar babu otomatan Büchi da zai gane wannan.

Dalilin shi ne zuciyar saminarka. Duk harshen da otomatan Büchi ya gane analitik ne, wato "akwai wata tafiya mai nasara" a gaban sharaɗin Borel. Da a ce harshen da kishiyarsa duka analitik ne, da ƙa'idar Suslin ta mai da su Borel. Shi kuwa na farkon cikakken analitik ne, ya fita daga tsanin Borel gaba ɗaya; don haka kishiyarsa ba analitik ba ce, otomatan Büchi ba zai gane ta ba. Ka kwatanta da kalmomi marasa iyaka, inda babu reshe: a can duk abin da otomata ya gane ba ya wuce mataki na uku, har Wagner ya jera su tsaf tun 1979. Reshe kaɗai aka ƙara, rufin ya yaye. Idan ka iya zana wannan a allo ba tare da leƙa takarda ba, babu mai ƙure ka. Ni dalibin da ya cika silaid da alamomi yana karanto min su, tun a minti na biyar nake daina saurarensa.

Ɗan Kurna:
Ni bishiyar da na sani darbejiyar ƙofar gidanmu ce. Allah ya ba da sa'a, Farfesan gobe.

Ɗan Fagge:
Ƙari kan na Malama: za a tambaye ka ina iyakar abin. Ka ce tunda Rabin ya nuna a 1969 cewa kishiyar harshen da otomata ke ganewa ita ma ana gane ta, dukkan harsunan nan suna cikin ajin Δ¹₂, wanda ke sama da na analitik. Akwai kuma sakamakon Niwiński da Walukiewicz na 2003: idan otomatan ba ya cinke, harshensa ko dai bai wuce mataki na uku na Borel ba, ko ya zama cikakken ko-analitik (kishiyar analitik). Babu tsaka-tsaki. Wannan yana burge malamai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, to in ƙara da yadda ake gano mafi ƙarancin lambobin fariti da harshe ke buƙata? Na ga kamar zai ƙara wa aikin nauyi.

Malama daga Gwale:
A'a, kul. Ga otomata mai cinke, ko akwai hanyar lissafa wannan adadin ga kowane harshe tambaya ce da masana suka daɗe suna fama da ita. Ka faɗa a layi ɗaya cewa Niwiński ya nuna tun 1986 matakan wannan adadin ba sa ƙarewa, ka wuce. Shafi 14 ɗin nan ka mai da su shida, ka koma wurin malaminka kafin Alhamis, kuma ka tafi da kalandar.