Tambaya a kan kawunan sarki na Tailan masu hoton sana'o'in hannu

Baduku daga Marwa:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zuwa Bankok sarin kaya ya kawo mini tsarabar tsofaffin kawunan sarki, saboda ya san ina tara su tun ina yaro. A ɗaya an zana masu haɗa laima, a wani kuma maƙerin azurfa ya duƙa kan aikinsa. Shin waɗannan sana'o'i na yanki ɗaya ne, ko kowace da garinta?

Malamin makaranta, Garwa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kowace da garinta. Laimar ta ƙauyen Bo Sang ce, kusa da Ciyan Mai a arewacin ƙasar, inda ake fere gora a yi haƙarƙarinta, a shimfiɗa takardar da aka sarrafa daga ɓawon itace, sannan a zana furanni da hannu. Ƙirar azurfa akwai ta a Ciyan Mai, amma wadda ake cike zanenta da baƙin haɗin ƙarfe ta shahara ne a Nakon Si Tamarat, can kudu. Arewa maso gabas kuwa saƙar alharini ce, wadda ake ɗaure zaren a rina shi tun kafin ya hau masaƙa, ba kamar marinanmu da ke ɗaure ƙyallen bayan an saƙa ba. Wannan ya fi wuya ƙwarai, domin idan lissafin ɗaurin ya kuskure, zanen ba zai haɗu ba.

Mai tara kan sarki, Injamena:
In ƙara a kan bayanin Malam. Ƙasar ta fara buga kan sarki a 1883, zamanin Sarki Culalonkon, tana amsa sunan Siyam har zuwa 1939. Sarauniya Sirikit ta kafa gidauniyar raya sana'o'in karkara a 1976, kuma ranar 2 ga Afrilu ce ranar adana kayan gadonsu, wadda gidan waya kan fitar da sababbin kawunan sarki dominta. Idan ka ga shekara irin 2530 a jikin kan sarki kada ta ruɗe ka, lissafin kalandarsu ta addinin Buda ne; ka cire 543, sai ta ba ka 1987.

Baduku daga Marwa:
Na gode muku, Allah ya ƙara sani. Yanzu na duba na laimar da madubin ƙara girma, har tsagin gorar ana gani ɗaya bayan ɗaya. Da ma a ce jakar fatar da muke ɗinkawa a nan Marwa ta samu irin wannan gata.